Na ba lauya aikin rubuta mini ƙa'idojin gasar hoto: abin da na samu da abin da na rasa

Shekara biyar ke nan ina koyar da ɗaukar hoto da waya ta intanet. Ɗalibaina da masu bin shafina a warwatse suke cikin ƙasashe da yawa, wasu ko muryarsu ban taɓa ji ba, da hotunansu na san su. Gasar farko da na shirya musu, shekara biyu da suka wuce, layi huɗu ce gaba ɗayanta: ka aiko da hoton da ka ɗauka da hannunka, wanda ya fi samun masu danna masa alamar so shi ya ci, za a rufe ranar Lahadi da dare, kyautar kuma ƙaramar kyamara ce. Cikin minti biyu na rubuta, na wallafa, na kwanta.

Daren Asabar akwai wani hoto mai ƙuri'a 300 da 'yan kai. Da gari ya waye ya haura 4,000. Na buɗe sunayen masu zaɓen ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga asusu barkatai babu hoton fuska, babu abin da suka taɓa wallafawa. Na san saye aka yi, amma babu inda na rubuta cewa an hana saye. Ana cikin wannan sai wata ɗalibata, wadda ta fi kowa ƙwazo a ajin, ta aiko da nata hoton ƙarfe 12:40 a agogona, na ce mata an rufe. Amsarta har yau tana cikin wayata: "Malam, ka ce Lahadi da dare, amma ba ka ce daren wace ƙasa ba. A nan sha biyu ba ta yi ba." Gaskiyarta ce. Na yanke hukunci yadda na ga ya fi kusa da adalci, amma kowa ya gane a lokacin na ƙirƙiro hukuncin, bayan na riga na ga fuskokin waɗanda zai shafa. Ɗalibar nan ba ta sake dawowa aji ba. Wannan ya fi kuɗin kyamarar yi mini ciwo nesa ba kusa ba.

Shi ya sa da na tashi shirya ta biyu a bana, na ce ba zan fafe gora ranar tafiya ba. Na nemi wani ofishin lauyoyi da ke aiki ta intanet, wanda rubuta ƙa'idojin gasa da na rabon kyaututtuka na talla yana cikin abin da suka ƙware a kai. Tsarinsu shi ne ka biya sau ɗaya, ka cike fom, a haɗa ka da lauya ku yi magana ta bidiyo, su aiko maka da daftari cikin kwana uku na aiki, sannan kana da damar neman gyara sau biyu. Abin da zan ba da labari shi ne yadda na gan su daga fom ɗin farko har ranar da aka miƙa kyauta.

Fom ɗin ya ba ni haushi da farko. Tambayoyi kusan 40, ni kuwa na zo ne a rubuta mini takarda in tafi. Sai da na kai rabi na lura cewa kusan kowace tambaya tana taɓa wani wuri da na ƙone a gasar farko, ko wanda saura ƙiris in ƙone. Wane agogo za a bi? Mutum ɗaya hoto nawa zai aiko? Matarka ko ƙaninka ko wanda ke taimaka maka da shafin zai iya shiga? Idan mutum biyu suka yi kunnen doki wa zai raba? Idan wanda ya ci bai amsa saƙo ba, kwana nawa za a jira shi? Idan kyamarar ta ƙare a kasuwa kafin ranar rabo fa? Wa zai biya kuɗin kwastam a ƙasar wanda ya ci? Tambayoyi goma sha ɗaya na bar su babu amsa, domin ban taɓa tunaninsu ba.

Hirar bidiyon ita ce wurin da kuɗina suka yi aiki. Minti 45 aka ware, lauyar ta ba ni kusan awa guda ba ta duba agogo ba. Ta fara da abin da na rubuta a fom cewa ina so in taƙaita shiga ga waɗanda suka biya kuɗin darasi, sannan in jefa ƙuri'ar sa'a tsakanin hotuna goma mafiya kyau. Nan take ta tsayar da ni. Ta ce a dokokin ƙasashe da yawa, musamman Amurka, abu uku ne idan suka haɗu ake kiran shirin caca: akwai kyauta, sa'a ce ke fitar da gwani, kuma sai mutum ya biya wani abu kafin ya shiga. Ni yadda na riƙe maganar a kaina, kamar duwatsun murhu ne. In suka cika uku tukunyar caca ta zauna daram, in ka zare ɗaya ba ta da wurin zama. Kyauta ba ta zaruwa, don ita ce gasar. Saura biyu. Ko dai ka zare biya, kowa ya shiga ba da ko kwabo ba a jefa ƙuri'a, wanda shi ne dalilin da tallace-tallacen Amurka ke yawan rubuta cewa ba sai ka sayi komai ba. Ko kuma ka zare sa'a, alƙalai su duba aiki su ba da maki bisa ma'auni da aka sanar tun farko. Shirin da na zo da shi ya haɗa duwatsun nan uku cif, ban sani ba. Ni da ba na son abin da ko ƙamshin caca yake yi, sai da jikina ya yi sanyi.

Na zare biyun duka. Shiga kyauta ce ga ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba, kuma alƙalai ne za su yanke.

Daga nan ta bi da ni ƙasashen da mabiyana suka fi yawa, ta nuna mini cewa kalmar "kowa daga ko'ina" da muke rubutawa cikin sauƙi nauyi gare ta. A jihohin New York da Florida, rabon kyautar da ake yi da ƙuri'a idan jimillar kyaututtukan ta wuce dala 5,000 sai an yi masa rajista an ajiye jingina tun kafin a fara, New York kwana 30 kafin lokaci, Florida kwana 7. Nawa bai kai nan ba, kuma ba na ƙuri'a ba ne, amma ta ce in sani saboda gaba. A Kanada, saboda dokarsu ta hana ba da kyauta bisa sa'a zalla, shi ya sa ake sa wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya amsa tambayar lissafi kafin a miƙa masa. A Birtaniya dokar caca ta 2005 ce ta raba tsakanin caca da gasar basira da rabon kyauta marar biya, sannan ƙa'idojin talla da hukumar ASA, mai sa ido kan tallace-tallace a can, ke aiki da su suna da sashe guda a kan gasa. Abu uku daga cikinsu na ɗauka na sa a tawa ko da ba a tilasta mini ba, saboda sun kwanta mini a rai: idan hukunci ya dogara da ganin ido, dole a samu aƙalla alƙali ɗaya mai zaman kansa wanda ba ya ƙarƙashin mai gasar, ba a ɗaga ranar rufewa haka kawai don shiga ta yi ƙaranci, kuma a miƙa kyauta cikin kwana 30 a bisa al'ada. Italiya kuwa shawara ta ba ni in cire ta daga jerin, domin can sai an sanar da ma'aikata tun kafin a fara, an ajiye jingina, an kuma kawo jami'in da zai shaida zaɓen gwani. Ɗalibai biyu nake da su a can. Na rubuta musu da kaina na yi musu bayani kafin su gani a takarda, kuma ban ji daɗin yin hakan ba.

A ƙarshe mun tsaya a kan jerin ƙasashe tara da aka ambata da sunayensu, da shekara 18 zuwa sama. Batun shekarun ya dame ni, domin cikin waɗanda suka fi iya hoto a ajina akwai 'yan shekara 15 da 16. Ta ce ana iya shigar da su da izinin iyaye a rubuce, amma hakan wani tsari ne daban mai nasa fom, kuma tattara bayanan yara ta intanet yana da dokoki masu tsauri, kamar ta Amurka da ta shafi 'yan ƙasa da shekara 13. Na haƙura a wannan karon.

Sai dokokin dandalin da kansu, waɗanda yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba alhali a kansu muke zaune. Facebook da Instagram suna buƙatar mai gasa ya rubuta ƙarara cewa ba su ne suka ɗauki nauyinta ba, ba su ke gudanar da ita ba, kuma duk mai shiga ya sauke musu kowane alhaki. Facebook ya hana a ce wa mutane "yaɗa wannan a shafinka don ka shiga" ko "maƙala sunayen abokanka don ka shiga". Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, domin kusan kowace gasa da nake gani haka take yi, kuma ni ma na sa shi a shirina. Instagram ya hana a sa mutane su maƙala sunansu a hoton da ba sa ciki. X, wato tsohon Twitter, ya ce a hana buɗe asusu da yawa da maimaita saƙo iri ɗaya. YouTube kuma ya ce dole shiga ta zama kyauta, kuma ba a yarda mai gasa ya karɓe dukkan haƙƙin mallakar aikin mai shiga ba. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Ta kuma kawo mini wani misali da ban san shi ba. Kamfanin takalma na Cole Haan ya taɓa yin gasa a dandalin hotuna na Pinterest, ya ce mutane su jera hotunan takalmansa da wani maudu'i mai alamar #, wanda ya ci ya samu sayayyar dala 1,000. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare masu saye, ta rubuta wa kamfanin a 2014 cewa waɗannan hotunan talla ne, kuma mai kallo ya cancanci ya san cewa don neman kyauta aka wallafa su. Ba ta hukunta kamfanin ba, amma tun daga nan aka riƙa sa kalmar gasa a cikin maudu'in. Ni ma na sa ta a nawa.

Daftarin ya iso a kwana na biyar, ba na uku ba, kuma babu wanda ya ba ni haƙuri ko ya sanar da ni za a makara. Shafi 11, da Turancin kotu.

Zan fara da abin da ya yi kyau, domin yana da yawa. Lokacin rufewa ya fito ƙarara: ƙarfe 11:59 na dare agogon GMT, kuma agogon fom ɗin karɓar hotuna shi ne abin dogaro, ba na wayar kowa ba. Ma'aunin alƙalai ya zauna da lambobi: kashi 40 na haske da tsarin hoto, kashi 35 na yadda ya dace da jigon gasar, kashi 25 na sabon tunani. In an yi kunnen doki, wanda ya fi maki a kashin farko ya wuce, in har yanzu daidai ne alƙali mai zaman kansa ya raba. An bayyana kyautar da sunan samfurinta da kimar kuɗinta, da cewa in ta ɓace a kasuwa za a ba da wadda ta kai ta ko ta fi ta. An rubuta cewa za a sanar da gwani ta imel ɗin da ya shiga da shi cikin kwana 5, yana da kwana 7 ya amsa, in bai amsa ba a koma kan na biyu. Akwai layin da ya ce duk wanda ya sa fuskar wani a hotonsa dole ya kasance da izinin mutumin, in yaro ne na iyayensa. Akwai kuma rabuwa tsakanin shiga gasa da yarda a riƙa aiko maka da talla: akwati daban ne, babu alama a cikinsa sai mutum ya sa da kansa, kamar yadda dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, take nema.

Wani sakin layi da na so in goge saboda na ga kamar tsoro ne ya yi yawa shi ne na kuskure: abin da za a yi idan aka sanar da sunan da ba shi ba, ko na'ura ta aika wa mutane da yawa saƙon nasara. Lauyar ta rubuta a gefe, in duba abin da ya faru a Filifin a 1992. Na duba. Pepsi ya yi gasar lambobi a marfin kwalba, babbar kyauta peso miliyan ɗaya. Ranar 25 ga Mayu aka sanar da lamba 349, alhali an buga wannan lambar a marafe kusan 800,000. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya yi tayin peso 500 ga kowane mai marfi. Aka yi zanga-zanga, aka kai wa motocin kamfanin hari, mutane suka rasa rayukansu, shari'a kuma ta ja har 2006 kafin kotun ƙolin ƙasar ta wanke kamfanin. Tawa gasar kyamara ɗaya ce, amma imel guda da aka aika wa mutum 200 maimakon mutum ɗaya ya isa ya jawo mini irin wannan a ƙaramin sikeli. Na bar sakin layin.

Yanzu inda muka saɓa.

Sashe na 9 ya ce duk hoton da aka aiko ya zama mallakina har abada, a ko'ina a duniya, in sayar, in canza, in ba wani, ba tare da na ambaci mai shi ko na biya shi ba. Na karanta sau uku. Ni malamin hoto ne. Darasin da nake buɗe kowane aji da shi shi ne hotonka dukiyarka ce, kada ka bari a karɓe maka shi da daɗin baki. Ta yaya zan tara mutum ɗaruruwa, in ba ɗaya kyamara, in kwashe guminsu duka? Abin da ya ƙara ɓata mini rai, lauyar da bakinta ta gaya mini YouTube ya hana irin wannan, kuma na faɗa a fom cewa zan sanar da gasar a can ma. Da na yi magana, amsar da aka ba ni ita ce haka ake rubutawa a ko'ina don a kare mai gasa. Na ce ban zo neman kariya daga ɗalibaina ba. Muka mayar da shi haka: hoto na mai shi ne, ni izini kawai nake da shi na nuna shi a shafukana na tsawon shekara ɗaya don maganar gasar, da sunan mai shi a jiki, kuma in ina son amfani da shi a tallar darasi sai na nemi sabon izini. Gyaran ya yi kyau da aka yi shi. Amma da ban karanta ba, da haka zai fita da sunana a ƙasa.

Sashe na 13 ya ba ni ikon canza ƙa'idojin ko soke gasar a duk lokacin da na so, ba tare da dalili ba. Idan haka ne mene ne amfanin sauran shafuka goman? Alƙawari kaya ne, kuma wannan layin yana sauke mini kayan ne ya bar wa mai shiga nasa. Na sa aka taƙaita shi ga abin da ya fi ƙarfina, irin lalacewar fom ɗin karɓa ko maguɗin da ya gurɓata gasar gaba ɗaya, tare da sharaɗin in sanar a fili, kuma in zaɓi gwani daga hotunan da suka riga suka shigo lafiya.

Sannan akwai alamun cewa a kan tsohuwar takardar wani aka ɗora tawa. A shafi na 7 na tarar da sakin layi guda a kan tikitin jirgi da ɗakin otal da abokin tafiya, ni kuwa kyamara nake bayarwa. Wani wurin an kira masu shiga "masu saye". Ban ƙi a yi aiki da samfuri ba, kowane mai sana'a yana da nasa. Amma wanda ya karɓi kuɗi don ya kula da kalma ɗaya-ɗaya bai kamata ya bar mini otal a cikin gasar hoto ba. Kuma cire wannan kuskuren nasu sai da suka so su lissafa shi cikin gyara biyun da nake da su, sai da na ja kafin suka janye.

Abu biyu kuma babu su sam, ni na kawo. Na farko hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa. A 2023 wani mai ɗaukar hoto ɗan Jamus, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni a gasar hoto ta duniya ta Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton. Duk wanda ke cikin harkar hoto ya san wannan labarin, amma daftarin gasar hoto ya zo mini babu ko kalma a kai. Ni na rubuta abin da nake so: an yarda da gyaran haske da launi da yanke gefe, ba a yarda a ƙara ko a cire wani abu daga cikin hoton ba, kuma duk wanda ya kai goman ƙarshe zai aiko da ainihin fayil ɗin da wayarsa ta ɗauka. Lauyar ta gyara lafazin, ta ce za ta sa irinsa a samfurinsu. Na biyu 'yan damfara. Da an sanar da gasa, sai ka ga an buɗe asusu da sunanka da hotonka, ana bin masu shiga ana ce musu sun ci, su turo kuɗin aikawa. Na sa layi da manyan haruffa cewa ba zan taɓa neman kuɗi ko lambar katin banki daga kowa ba, kuma daga adireshin imel ɗaya tak saƙon nasara zai fito. Cikin makon farko asusu biyu na bogi suka bayyana. Mutum huɗu suka turo mini hoton saƙon da aka aika musu, kowannensu yana cewa ya tuna da layin nan.

Babban giɓin shi ne harshe. Fiye da rabin masu shiga gasata da Hausa suke karatu cikin natsuwa. Ofishin ba ya fassara, ba ya kuma ba da gajeren bayani na mutane, sai an ƙara kuɗi. Na zauna dare biyu na mayar da shafuka 11 zuwa Hausa, sannan na tsamo layi goma sha biyu da za su hau kan sanarwar kanta. Na kira yayata, wadda ba ruwanta da hoto, na karanta mata. Ta saurara har na kai wurin da na fassara cewa mai gasa ba shi da alhakin hoton da bai iso ba. Ta ce, "Tsaya. Wato in na aiko, ya ɓace a hanya, shi ke nan na yi asara ban ma sani ba?" Na ce, "Haka dokar ta ce, Yaya." Ta ce, "To ka sa abin da zai gaya mini ya iso mana." Washegari na saita fom ɗin ya riƙa mayar wa kowa da saƙon shaida mai ɗauke da lamba da lokacin da hotonsa ya shiga, na kuma rubuta a ƙa'ida cewa wanda bai ga saƙon ba cikin awa ɗaya ya sake aikowa. Wannan gyaran bai fito daga ofishin lauya ba, kuma ya rage mini rigima fiye da sassa da yawa na takardarsu. Abin da lauyar ta taimaka da shi a nan shi ne layin da ya fayyace wanne za a bi idan Hausar da Turancin suka saɓa. Ta so a ce Turanci. Na ce a bi wanda ya fi sauƙaƙa wa mai shiga, tunda ni na yi fassarar, in akwai kuskure nawa ne. Ta ce wannan ba ya cikin abin da ta saba rubutawa, amma babu abin da ya hana, ta rubuta.

Gasar ta yi kwana 21. Hotuna 212 suka shigo, aka cire 19: wasu daga ƙasashen da ba sa cikin jeri, wasu mutum ɗaya ya aiko sau uku da imel daban-daban, biyu kuma an kasa kawo ainihin fayil. Kowanne na rubuta masa dalili da lambar sashen da ya shafe shi. Ranar rufewa wani dattijo cikin ɗalibaina ya aiko da nasa ƙarfe 12:13. Hoton hannun jikarsa ne riƙe da yatsansa, hasken taga ya sauka a kan fatar su biyun, ɗaya a tattare ɗaya sumul. Ina ganinsa na san da zai kai goman ƙarshe. Na rubuta masa, "Baba, ka yi haƙuri, an rufe da minti 14. Ga sashe na 3, ga kuma lokacin da fom ya nuna." Ya amsa, "Na gani, Malam. Ai tun farko ka faɗa. Allah ya kai mu ta gaba." Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma yana nan a aji har yau, kuma da izininsa na nuna hoton a darasin haske na makon da ya biyo.

Sau ɗaya na koma wa ofishin bayan an fara. Wadda ta ci tana ƙasar da gidan waya ba ya karɓar batirin lithium da ba a cikin na'ura yake ba idan ta jirgin sama za a aika, kyautar kuwa har da batiri na biyu a cikin kwali. Na tambaya ko zan iya cire shi in tura mata kuɗinsa ba tare da na saɓa wa ƙa'idata ba. Kwana shida kafin a amsa, amsar kuma ita ce aikinsu ya ƙare da miƙa takarda, sabuwar tambaya sabon biya. Wannan yana rubuce a yarjejeniyarsu, ban ce sun yaudare ni ba. Sai dai gasa ba ta fara tambayoyinta na gaske sai an buɗe ta, kuma da sun haɗa ko da amsa biyu ta imel a cikin kuɗin farko, da na ba da shaidarsu ba tare da wani "amma" ba. Na koma sashen musayar kyauta da suka rubuta mini, na ga ya ba da dama, na nemi yardarta a rubuce, ta yarda.

Wanda zai raba ƙaramin abu tsakanin mutanen ƙasa ɗaya, ba tare da karɓar aikin kowa ba, zai iya zama da dokokin dandalin da yake kai da dokar ƙasarsa ya rubuta shafi ɗaya mai tsabta da kansa. Wanda gasarsa za ta tsallaka iyaka, ko za ta karɓi hoto da bidiyo da rubutun mutane, ko akwai biya a ko'ina cikinta, ina ba shi shawara ya nemi irin wannan ofishin, ya fi mayar da hankali kan hirar, ya je da tambayoyinsa a rubuce, kuma ya tambaya tun kafin ya biya ko za su amsa masa bayan an fara. In daftari ya zo, ya karanta sashen haƙƙin mallaka da na canza ƙa'ida kamar shi ne zai shiga gasar.

Kyamarar ta isa hannun mai ita a kwana na 24 bayan sanarwa. Bayanan sauran masu shiga na goge su a kwana na 60 kamar yadda aka rubuta, ban bar komai ba sai imel ɗin mutum 71 da suka sa alama a akwatin talla da hannunsu. Na riga na rubuta wa lauyar ina tambayar abin da fom ɗin izinin iyaye zai ƙunsa, domin 'yan shekara 15 ɗin nan sun fara tambayata yaushe za a yi tasu.